Amsa: Ƙanenki da maganin baifola

'Yar uwa, Allah ya ba ƙanenki lafiya. Kin ce likita a asibitin koyarwa na Bauchi ya tabbatar cutar baifola ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai juya mutum tsakanin zumuɗi da baƙin ciki mai tsanani, amma dangi sun dage aljanu ne, kuma tunda ya samu sauƙi suna so ya bar magani.

Don Allah kada ya bari. Sauƙin nan aikin maganin ne. Ita cutar tafiya take tana dawowa. Wani lokaci mutum ya kwana uku ba barci kuma ba gajiya, surutu ba tsayawa, ya shiga kasuwar Wunti ya cinye jarinsa a yini guda. Can kuma ya kulle kansa a ɗaki, ko wanka ya gagare shi. Yanke magani farat ɗaya kan dawo da ita da ƙarfi.

In maganin da ake kira litiyam yake sha, ana gwada jini lokaci-lokaci don duba ƙoda da yawan maganin a jiki. Ya riƙa shan ruwa sosai lokacin zafi, kuma ku tambayi likita kafin azumi.

Addu'a ba ta hana haɗiyar ƙwaya, a haɗa su. Ɗaure mutum da mari ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. In kuwa ya fara zancen kashe kansa, a ranar za ku kai shi asibiti.