Amsa ga ƙanenmu da aka ce ya bar dandamali ya koma koyarwa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka kuma na kasa wucewa ban ce komai ba, domin abin da ka rubuta ya yi kama da abin da ya same ni, har na ji kamar labarina kake bayarwa. Ka ce ka daɗe kana wasa a ƙungiyarku ta wasan daɓe, irin wanda ba a rubuta shi, sai ga shi shugabanku ya ce ka daina hawa dandamali ka koma horar da sababbin yara, bai kuma faɗa maka abin da za a riƙa ba ka ba, alhali ga wani furodusa yana kiran ka zuwa fim. Kana son sanin ko wannan koyarwa ci gaba ce ko kuwa dabara ce ta ajiye ka a gefe, sannan ko mutum zai iya riƙe iyali da wannan sana'a.

Ra'ayina shi ne ka karɓi koyarwar, amma kada ka karɓe ta da baki kawai, kuma kada ka yarda a raba ka da dandamali gaba ɗaya. Zan faɗa maka dalili, ko da maganar za ta yi tsawo.

Ni ma haka aka ce mini. A lokacin ƙungiyarmu tana rihazal a wani ajin firamare a cikin gari bayan sallar La'asar, shugaba ya ba da ƙashin labari da baki, kowa ya san matsayinsa, sauran magana kuwa a bakinka take. Bayan da Jihar Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan inna a 2003 ta kuma dawo da ita a 2004, sai aikin wayar da kai ya yawaita, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka shiga neman 'yan wasan da za su tsaya a tsakiyar kasuwa su ja hankalin jama'a. Irin wasanmu ne ya dace da wannan aiki, domin a kasuwar ƙauye ba ka san abin da dattijo zai jefo maka daga cikin taro ba, kuma wanda ya haddace sikirif, wato rubutaccen wasa, yakan daskare a wurin. Ƙungiyarmu ta samu kwangila, aka ce ana bukatar matasa da yawa da za su rarrabu zuwa ƙananan hukumomi, sai shugaba ya kira ni ya ce ni ne zan horar da su, tunda na fi kowa haƙuri. Na yi murna ƙwarai, ban kuma tambayi komai ba, domin mutumin nan a wurina uba ne, shi ya fara ɗora ni a kan dandamali, kuma a tarbiyyarmu yaro ba ya yi wa maigidansa ciniki.

Na ɗauki aikin da zuciya ɗaya. Duk dare bayan Isha'i nakan zauna da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ina tsara atisayen da zan ba yaran washegari, ina rubuta wanda ya yi amfani, ina soke wanda bai yi ba. Akwai wani atisaye na mai shayi da mai cin bashi, wanda na ɗauko daga abin da na riƙa gani a teburin shayin mahaifina, Allah ya jiƙansa: ɗaya yana neman a ƙara masa bashi, ɗayan yana neman ya hana ba tare da ya kori kwastomansa ba, kuma an haramta wa kowannensu ɗaga murya. Da shi na koya wa yaran yadda ake riƙe rikici a wasa ba tare da zagi ko doke-doke ba. Wata rana shugaba ya karɓi littafin nan ya ce zai ɗauki hotonsa domin ajiyar ƙungiya, ni kuwa na miƙa masa da hannu biyu.

Ranar rufe shirin aka yi taro a ɗakin taron wani otal, baƙi suka zo daga Abuja, aka jera kujeru masu farin ƙyalle, kuma ni aka sa na kula da rabon ruwa da shigar yara da fitarsu. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na ga ana raba wani ɗan littafi mai sheƙi, aka ce jagorar horar da 'yan wasa ce. Na karɓi guda na buɗe, sai na ga atisayena ne tun daga farko har ƙarshe, a jeren da na tsara su, har da mai shayin nan da mai cin bashinsa, amma sunan da ke bango na shugaba ne, a matsayin marubuci kuma mai horarwa. Na duba shafin godiya, na ga sunan direban da ya riƙa kai mu ƙauyuka, ban ga nawa ba. Yaran da na horar suka hau suka yi wasa, aka tafa musu, aka kira shi ya karɓi yabo, ya tashi ya gyara babbar rigarsa ya yi bayanin yadda ya daɗe yana nazarin wannan hanya. Wasu daga cikin yaran suka riƙa waigowa suna kallo na, ni kuwa na sunkuyar da kai, domin ba na son su ga abin da ke idona. Da aka tashi ya miƙo mini ambulan, na buɗe a cikin adaidaita sahu, na tarar kuɗin mota ne da ɗan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. A lokacin mai gidan hayarmu ya riga ya ba ni wa'adi, iyalina kuma tana da tsohon ciki.

Da na same shi a gida bayan kwana biyu, bai ko musa ba. Ya ce aikin ƙungiya ne, ni kuma ɗan ƙungiya ne, masu kwangila kuwa shi suka sani, sannan ya tuna mini cewa da bai ɗauko ni ba da babu wanda ya san da zamana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na nemi littafina na asali ya ce ya ɓace. Wallahi har yau idan na tuna wannan kalma sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na je wurin manyan ƙungiyar, kowa ya ce in yi haƙuri, wani ma ya ce mini neman suna ba halin ɗan mutunci ba ne. Na yafe masa kuɗin tuntuni, amma batun littafin nan na bar shi da Allah.

Abin da nake so ka gane shi ne, sana'armu ba ta barin shaida. Ɗan fim yana da sunansa a fasta da ƙarshen fim, marubuci yana da littafinsa, amma mu da zarar an tashi daga wasa to ya tafi ke nan, sai abin da ya rage a zukatan 'yan kallo. Mai koyarwa kuwa ya fi kowa ɓacewa, domin aikinsa a jikin wasu yake fitowa. Dubi tarihinmu na nan Kano: ana tuna ƙungiyar Tumbin Giwa ne saboda fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, amma ɗimbin wasannin daɓen da ƙungiyoyin dirama suka yi kafin wannan lokaci, da mutanen da suka horar da 'yan wasan, kaɗan ne ake iya kawo sunansu yau. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, gwani ne na ƙirƙirar magana nan take, kuma da kyamara ba ta ɗauke shi ba da 'ya'yanmu labarinsa kawai za su ji.

A ƙasashen da suka mayar da wannan wasa sana'a mai tsari, waɗanda sunansu ya tsaya su ne waɗanda suka rubuta hanyarsu. Viola Spolin a birnin Chikago na Amurka ta fara ne da koya wa yaran baƙin haure wasanni, ta tattara atisayenta ta buga littafi a 1963, ɗanta Paul Sills kuma yana cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Second City a 1959. Keith Johnstone, mutumin Ingila da ya koma Kanada, shi ma malami ne, ya buga nasa littafin a 1979, kuma har yau da atisayen mutanen nan biyu ake horar da 'yan wasa a duniya. A can ɗin ma azuzuwan koyarwa ne ke riƙe da yawancin irin waɗannan gidaje, 'yan wasa da yawa suna hawa dandamali a kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna fatan wata rana talabijin ta ɗauke su. Ko a Zariya, aikin da Michael Etherton da abokan aikinsa suka faro a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, inda ɗalibai ke shiga Samaru da ƙauyuka su gina wasa tare da jama'a a kan matsalolinsu, ya ɗore ne saboda an rubuta shi an kuma ci gaba da koyar da shi. Saboda haka koyarwa ba ajiyewa ba ce, ita ce ma ɓangaren sana'ar da ya fi daɗewa a hannun mutum, muddin da sunansa yake yin ta.

Amma kada ka sauka daga dandamali. Malamin da ya daina wasa kunnensa yana dushewa, kuma yara suna saurin ganewa. Babban abin da za ka koyar shi ne sauraro da karɓar abin da abokin wasa ya miƙo, kuma wannan ba a koyar da shi daga kan kujera. Za ka ga yaro ya shigo da gudu ya ce, Baba an sace akuyar, ɗayan kuma saboda yana neman a yi masa dariya sai ya ce shi ba babansa ba ne kuma ba su da akuya. 'Yan kallo za su yi dariya sau ɗaya, wasan kuma ya mutu, domin an rushe uba, an rushe gida, an rushe akuya, babu sauran abin da za a gina a kai. Idan ka tashi da kanka ka karɓi maganar, ka dafe kai ka tambaya wace daga ciki, mai cikin ko ta layya, nan take yaron zai ga yadda labari ke buɗewa. Don haka ka sa a cikin sharaɗinka cewa duk wasan da ƙungiya za ta fita da shi kana da fitowa, ko da ƙarama ce.

Batun riƙe iyali kuwa, gaskiya ita ce wasan daɓe shi kaɗai ba ya ciyar da gida a Kano, tunda jama'armu ba su saba sayen tikiti domin kallon dandamali ba. Abin da na ga yana riƙe mutane shi ne haɗa ƙofofi: kwangilar wayar da kai idan ta samu, makarantu masu zaman kansu da ke neman mai shirya wa ɗalibai wasa na bikin yaye su, wasan kwaikwayo da tallace-tallace na rediyo, da shirye-shiryen talabijin, musamman tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014. Ni kaina makarantu ne suka tsamo ni bayan na bar waccan ƙungiya. Idan kana da wata sana'ar hannu ko rumfa a kasuwa, kada ka sake ta saboda an kira ka malam, ko da yake ban raina wannan suna ba, domin na ga samarin da aka hana aure saboda an ce 'yan dirama ne, aka kuma ba wani saboda an ce a makaranta yake koyarwa. Idan da hali ka nemi takardar karatu, Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo, kuma masu ba da kwangila takarda suke fara tambaya kafin su kalli gwanintarka.

Shi kuma furodusan da ke kiran ka, ban ce ka ƙi shi ba, amma ka tambaye shi wane rol ne, sin (wato fitowa) nawa ne, kuma yaushe ake sallama, domin da yawa daga cikin 'yan daɓe sun yi wuni a lokeshan sun dawo da kuɗin mota. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe masana'antar a da ta durƙushe, yanzu harkar ta koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da talabijin, kuma waɗanda suka ga dakatar da harkar fim da aka yi a Kano a 2007 sun san cewa ana iya wayar gari a rufe wannan ƙofa. Ka yi rajista da Hukumar Tace Finafinai idan za ka shiga, ka kuma sani cewa fim yana son ka maimaita abu ɗaya sau da yawa daidai yadda ka yi shi da farko, wanda ga mai irin tarbiyyarmu ba ƙaramin aiki ba ne.

Kafin ka ba shugabanku amsa, ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ku tafi tare, ka yi masa magana cikin ladabi, domin mai yiwuwa shi mutumin kirki ne, ba irin wanda na haɗu da shi ba. Ka roƙi a rubuta abin da za a riƙa ba ka, ko a kan kowane zama ko a kan kowane ɗalibi, da abin da zai zama rabonka idan kwangila ta shigo ta dalilin yaran da ka horar, sannan sunanka ya fito a takardar shaidar da za a ba su. Duk atisayen da ka ƙirƙira ka rubuta shi da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa da waya ka tura wa kanka da wani amintacce, littafin asali kuma kada ya kwana a hannun kowa. Idan ya ji maganar rubutu ya ɓata rai ya fara lissafa maka alherin da ya yi maka, ka yi masa godiya, ka ce za ka yi shawara, kada ka amsa a wannan zama. Idan kuma ba ka samu dattijon da zai raka ka ba, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ni zan raka ka. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.