Wai ciwon zuciya na masu kuɗi ne kawai?

Ɗan'uwa ka tambaya ko ciwon zuciya na masu cin kaji ne kaɗai, wallahi talaka ma ya fi shiga haɗari. Tun a ciki abin ke farawa, uwa ba ta samu abinci mai gina jiki ba ta haifi jariri ɗan ƙarami, in ya girma hawan jini ya fi saurin kama shi. Ga yara cunkushe ɗaki ɗaya a Kurna ko Fagge, ciwon maƙogwaro ya kama yaro ba a ba shi magani ba, yana iya lalata zuciya daga baya. Ga hayaƙin itace, ga tunanin kuɗin haya, mutum ya fara shan maganin hawan jini kuɗi su ƙare ya daina. Don Allah riƙa auna jininka ko a kemis ne.