Korar baƙi da tsare dala: abin da gidanmu ya gani

Ɗan'uwa da kake tambaya wai in an kori baƙi an hana fita da dala ba shi ke nan 'yan ƙasa sun samu aiki kuɗi ya zauna a gida ba, to bari ka ji, don mu sau biyu abin nan yana faɗa mana.

Babanmu fataucin goro yake a zangon Kumasi lokacin da Busia, firaministan Ghana, ya ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, ƙarshen 1969. Har Allah ya yi masa rasuwa yana labarin yadda ya sayar da keken ɗinkin Innarmu da gadon ƙarfe a kuɗin da ko na mota bai kai ba. Wanda ya gaji rumfarsa kuwa bai san wa ake ba bashi a Kano ba, bai san wa ke biya sai bayan sallah ba, goro kuma ba ya jira, kafin shekara ya rufe. A 1983 Shagari ya rama, ya kori baƙi marasa takarda daga Najeriya, yawancinsu 'yan Ghana, daga nan jakar Ghana Must Go ta samo suna.

Ni kuma 2019 aka garƙame min shagon kayan waya a Kumasin. Dokarsu ta 2013 cewa ta yi baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zuba dala miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki, ka ji fa, wato kuɗin baƙo ana maraba da shi, talakan baƙo ne ba a so. Yaran shagona biyu duk 'yan Ghana ne, ƙabilar Asante, su suka fara zaman gida. Amma gaskiya ɗaya ce, muna karya wa 'yan Ghana masu ƙaramin jari farashi, kukansu ba na banza ba ne.

Batun tsare dala kuwa ai mun gwada a 2015 da babban bankin Najeriya ya hana ta ga masu shigo da kaya iri 41. Ina ta tsaya? Farashi biyu kawai ta yi, mai hanya ya karɓa da araha ya kawo Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, mu saya da tsada. Mai kuɗi waya ɗaya zai buga wa ɗan canji, a ba da naira a Kano a karɓi sidi a Accra kafin shayinsa ya huce, ni ko da fasfo na ECOWAS a aljihu daga Seme, iyakar Najeriya da Benin, zuwa Aflao, iyakar Togo da Ghana, har na daina ƙirga shingen da ake sauke mu.