'Yar'uwa, don Allah kada ki bari ta ajiye maganin

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa mai tambaya, tun bayan sallar asuba na ga saƙonki, na karanta, na ajiye wayar na je na juya Mma, mahaifiyata, a kan gado, na dawo na sake karantawa. Kin ce an turo wa mahaifiyarki saƙon murya wai an janye maganin hawan jini daga kasuwa saboda yana kawo kansa, ga shi kuma wanda kuka karɓo wannan watan launinsa ba irin na da ba ne, ta ce ita ta bar sha, yau kwana huɗu, kina tambaya ko ki ƙyale ta. Kada ki ƙyale ta. Wallahi jikina har rawa yake da nake rubuta miki wannan, domin abin da ya kwantar da mahaifiyata ke nan, kuma tana nan kwance har yanzu.

Waɗanda suka san mu a unguwar Aboabo, nan Kumasi a Gana, sun san Mma da tukunyar kokonta. Shekara shida tana shan maganin hawan jini, amlodipine da wannan ƙaramin da muke ce wa bendro, lafiya ƙalau, ba abin da ke damunta sai gwiwa da ɗan kumburin ƙafa da yamma. A 2018, ana shirin Babbar Sallah, saƙon murya ya zagaya, irin wanda aka turo muku. Wani mutum ne ke magana da ƙarfi, ba suna, ba inda yake aiki, yana cewa duk mai shan maganin hawan jini ya tsaya, Turawa sun gano guba a ciki. Abin haushin shi ne akwai ɗan gaskiya a gindin maganar. A watan Yuli na shekarar an janye wasu magunguna masu suna valsartan a Turai da Amurka, saboda an samu wani sinadari da ake kira NDMA a cikin haɗin da wani kamfani a ƙasar Sin ya yi, wanda in an daɗe ana sha yana iya ƙara haɗarin kansa. To amma valsartan ne, kuma ba na kowane kamfani ba. Su kansu hukumomin da suka janye shi cewa suka yi kada mai sha ya tsaya da kansa, ya ci gaba har likita ko famasis ya canza masa. Mai saƙon murya bai kawo wannan ba. Ni ma a lokacin ban san ko ɗaya daga ciki ba, sai da aikin gama ya gama.

Mma ba ta karatun boko. Ta ƙulle katin maganinta a bakin mayafi ta kai wa mai shagon magani na layinmu, wanda kowa ke kira Dakta. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya san shi. Ba likita ba ne, ba famasis ba ne, lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne irin su farasitamol, waɗanda ba sa buƙatar takardar asibiti. Mutumin nan ko juya katin bai yi ba balle ya karanta sunan. Yarinyar da ta raka ta ce ta ba ni labari daga baya. Cewa ya yi, "Hajiya ai duk maganin asibiti haka yake, yana gyara nan yana ɓata can, ki huta da shi." Ya ɗauko wata kwalba mai ruwa baƙi ya ce tana wanke hawan jini gaba ɗaya, sidi 60. Ya ƙara mata da diclofenac na gwiwa, ta sha safe da yamma. Daga baya likita ya gaya mini irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini su kuma wahalar da ƙoda, musamman ga tsoho. Wato ya raba ta da abin da ke riƙe jinin, ya haɗa ta da abin da ke tura shi sama, ya karɓi kuɗinta. Kwalba uku ta saya.

Kuma ina gidan. Wannan ne ke hana ni barci. Ina ganin kwalbar a kan taga kullum, na ɗauka tsimin gwiwa ne. Na tambaye ta sau ɗaya ko ta sha maganinta, ta ce ta sha, ban ce nuna mini ba. Wa ke ce wa uwarsa nuna mini?

Ranar wata Laraba ce. Tana dama koko a tsakar gida, ina ɗaki ina shirya yara, na ji ludayi ya faɗi a kan siminti. Ban kula ba. Sai na ji ta kira ni da wata irin murya, kamar bakinta cike da tuwo. Na fito na same ta a zaune a ƙasa ta jingina da turmi, bakinta ya karkace gefe guda, yawu na zuba a kan zanenta, hannun dama a yashe kamar ba nata ba. Tana kallona, idonta na gane ni sarai, tana son ta faɗi wani abu ya ƙi fita. Ta yi fitsari a zaune. Mma, wadda ko ɗankwali ba ta yarda ya zame a gaban surukai. Da hannun hagun ta riƙa jan zane tana son rufewa. Kokon na ta tafasa yana zuba a wuta, ba wanda ya sauke shi, ƙaurin ya cika gidan. Har yau in na ji ƙaurin koko sai cikina ya juya.

Sai gida ya cika. Wannan ta ce iska ce ta buge ta, wancan ya ce a kira malam, wata ta kawo man zafi, wata maƙwabciya ta kawo allurar ɗinki ta ce a tsattsaga yatsunta jini ya fita, ita ma a waya ta gani. Aka ɗura mata ruwa ta ƙware, ta yi ta tari. Mun fi awa uku a haka. Ba na raina addu'a, ni ma tofi nake yi har muka isa, amma ai a cikin mota ma ana addu'a. Da muka kai ta Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, aka auna jininta, lambar sama ta haura 200. Nas ta tambaye ni ina maganin da take sha. Na aika ƙanena gida, ya samo su a cikin gwangwanin Milo a ƙarƙashin gado, na wajen mako shida, ko ɓallewa ba a yi ba. Likitan ya juya katin, ya dube ni ya ce wannan ai ba shi ne wanda aka janye ba, ko dangi ba su haɗa ba. Na zauna a ƙasa a wurin.

Ki riƙe wannan ko da ba ki riƙe komai ba: in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba a ba mutum ruwa ba a ba shi abinci, maƙogwaron ma yana iya shanyewa ya tafi huhu. Asibiti kai tsaye, ko a kira 112. Awannin farko su ne komai.

Mutumin nan ya zo gaisuwa bayan an sallame mu. Da ledar lemu. Ya zauna a tabarma ya ce ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Na ce masa kai ka ce ta bar maganinta, ya ce shi shawara ya bayar, bai ƙwace daga hannunta ba. Yayana ya ce in yi shiru, maƙwabci ne, tare ake sallah, kada a ce mun kai ɗan unguwa ƙara. Na yi shirun, kuma shi ne abu na biyu da nake nadama. Shagon na nan a buɗe, ya ma ƙara fenti. Kullum sai na wuce ta gabansa in zan sayo famfas ɗin manya, yana ce mini ya mai jiki. Ban taɓa amsawa ba, Allah ya yafe mini. Da yanzu ne da na kai maganarsa Majalisar Famasi, su ne ke ba su lasisi, ko ofishin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, da ke nan Kumasi, kowa ya ce abin da zai ce.

To ke yanzu, yau ɗin nan ba gobe ba, ki ɗauki kwalin sabon da na tsohon in yana nan, da takardar asibiti, ki je famasi na gaske inda akwai famasis, ko ki koma inda aka ba ku. A auna jininta a wurin. Kada ki ce za ki haɗa mata na kwana huɗun da ta tsallake ta shanye, a'a. Kuma ki duba ko atenolol na cikin abin da take sha, domin irinsa an fi hana tsayar da shi farat ɗaya, zuciya na iya rikicewa. Batun launi kuwa, mu a shekarun nan mun ga amlodipine kala-kala, mai zagaye, mai kusurwa, na Indiya, na nan gida. Kamfani ne ke canzawa, musamman in da katin inshora ake karɓa, abin da ke akwai shi ake bayarwa. Abin dubawa sunan maganin ne, ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan kamfani, da lambar da ke gefensa, 5mg ne ko 10mg. An taɓa ba ni na 5 a maimakon na 10, da na koma aka canza. Wani haɗarin kuma, tsohuwa ta ga kwali biyu daban ta ɗauka magani biyu ne ta haɗa ta sha, alhali abu ɗaya ne, jini ya faɗi ta yanke jiki.

Ban ce janye magani ƙarya ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Ana yi, kuma jabu na nan. A nan Kumasi a 2009 aka kama Coartem na jabu, maganin maleriya, babu sinadarin magani a cikinsa sam, mutane na ba 'ya'yansu suna jiran sauƙi. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari na ruwa guda huɗu da aka yi a Indiya, ƙodarsu ta tsaya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba. 'Yan'uwanmu na Najeriya ba su manta My Pikin na 2008 ba, na haƙoran jarirai, yara fiye da 80. Ranitidine na gyambon ciki da muka sha muka ƙoshi, Amurka ta ce a kwashe shi gaba ɗaya a 2020. Amma duk sanarwar gaske za ki ga sunan maganin, da kamfanin da ya yi shi, yawanci har da lambar rukunin da abin ya shafa. Lambar na jikin kwali da bakin kati, kusa da ranar lalacewa, inda aka rubuta LOT ko B.No. Ki sa wani yaro ya duba miki shafin FDA ta Gana, in an janye abu a ƙasar nan su ke faɗa. Suna da manhaja ma, Med Safety, da ake kai rahoto in magani ya yi wa mutum illa. Saƙon da ya ce "maganin hawan jini" kawai, bai ce wanne ba, ya ƙare da ki tura wa mutum goma don Allah da Annabi, ni yanzu goge shi nake yi, in kuma kira wanda ya turo mu yi ta. Ƙanwar babanmu ta yi wata biyu ba ta yi mini magana a kan haka.

Kuma ku daina sayen magani a cikin mota da bakin kasuwar Kejetia. Mai jaka ya tashi a trotro, motar haya, magani ɗaya na basir, na suga, na ƙarfin maza, na hawan jini, ya wuni a rana yana gasuwa. Ta irin hanyar nan ne tramol mai 225 ya cika mana zango, wanda ko rajista ba shi da ita, na asibiti 50 ne da 100. Ku dubi samarinmu a bakin lungu, a tsaye suna barci. Ɗan ƙawata da ya haddace izu ashirin yanzu ko uwarsa... bari dai in bar wannan, wata rana.

Kada ki yi mata faɗa. Tsoro ne, kansa ta ji an ambata, wa ba ya tsoro. Iyayenmu ba sa jin maganar ɗan da suka haifa, amma suna jin ta mai farar riga, don haka ki tafi da ita ta ji da kunnenta, a yi mata da Hausa ko Tuwi yadda za ta gane. In tana shan wani na gargajiya ki saka kwalbar a jaka ki nuna, kada ki ɓoye don kunya. Bayan haka ke ki riƙe maganin, ki ba ta a hannu bayan asuba, ki tsaya da kofin ruwa har ta haɗiye. Ki sayi na'urar awo in da hali, ku haɗa kuɗi da 'yan'uwa, ta fi famfas na wata biyu araha, ni na sani. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa suke cewa sun warke. Mma har cewa ta yi ta fi jin ƙarfi da ta bari. A rage dunƙulen magi da kobi, busasshen kifin nan mai gishiri, a miya, za ta yi mita, ki toshe kunne. In katinta na inshora ya mutu, *929# ne a waya, da MoMo, kuɗin cikin waya, ake biya, ba sai an je layi ba.

Mma na gane mutane, tana cin abinci da hagu, kalmar da ta fi fita a bakinta ita ce "to". Ranar Juma'a nakan ɗaura mata ɗankwali in fito da ita ƙofar ɗaki ta ji huɗuba daga lasifika. Ki ɗauki hoton kwalin gaba da baya ki turo mini ta gefe, akwai 'yar ɗakinmu famasis, zan nuna mata kafin azahar. Kuma ki gaya mana nawa jinin ya nuna in an auna. Ga ta can tana buga gado da cokali, lokacin wanka ya yi.