Amsa ga ƙanenmu da ke shirin gama hidimar ƙasa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka karanta ilimin halittu, saura wata huɗu ka gama hidimar ƙasa, Baba yana so ka zauna ka jira aikin gwamnati, kai kuma zuciyarka ta rabu tsakanin koyarwa da komawa makarantar kiwon lafiya. Can ƙarshe ka ɗan saƙala wata magana kamar ba komai ba, wai wani ya ce in ka kawo dubu ɗari huɗu zai samo maka gurbi a Abuja. Da ita zan fara.

Kada ka ba shi ko sisin kwabo. Ni na taɓa bayarwa. Na karanta aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na gama hidimar ƙasa a 2013, na dawo Sakkwato da takardu cikin leda. Inna ta sayar da ragunan da take kiwo don kasuwar layya, muka haɗa dubu ɗari da hamsin muka ba wani mutum mai babbar riga, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Bayan wata biyu ya kawo takardar ɗaukar aiki, da tambari da sa hannu. Na ɗinka sabbin kaya, aka yi min addu'a, na hau mota. Mai gadin ƙofar wurin ne ya dubi takardar ya dube ni, ya ce ni ne na uku da ya zo da irinta a makon. Tafiyar dawowa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi, tun daga Kontagora nake tunanin da wane baki zan gaya wa Inna.

Hukumomin tarayya irin su shige da fice, kashe gobara da gidajen gyaran hali, in za su ɗauki ma'aikata a intanet suke buɗe shafi, kuma su da kansu suke sanarwa cewa cike fom kyauta ne. Ka cike duk wanda aka buɗe, ba laifi. Laifin shi ne ka mai da jira sana'a. Ni shekara guda na yi a majalisar shayi, kullum hira ɗaya: yaushe za a buɗe, ɗan wane ya samu.

Wanda ya tashe ni wani dattijo ne mai shagon maganin dabbobi kusa da kasuwar dabbobi ta Kara, abokin mahaifina. Na je gaishe shi ina ba shi labarin digiri, ya katse ni: "Kai wanga yaro, bar batun takarda, mi ka iya?" Na rasa amsa. Washegari na fara zama a shagon, ba albashi, sai kuɗin mashin da abincin rana. A raina ina jin na faɗo. Amma a wata goma sha huɗu na koyi rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, na koyi duba ranar lalacewar magani, na riƙa bin wani likitan dabbobi ƙauyuka ina riƙe masa akwatin ƙanƙara na allurar rigakafi, har na tsinci Fillancin gaisuwa da ciniki. Da wani kamfanin abincin dabbobi ya zo neman ma'aikacin da zai riƙa shiga ƙauye, likitan nan ne ya ambaci sunana. A wurin intabiyu ba wanda ya tambaye ni darajar digirina. Cewa suka yi, makiyayi ya ƙi yarda a yi wa shanunsa rigakafin ciwon huhu, ya za ka yi da shi? Na yi dariya a zuci, don sau nawa na gani ana yi, ba da shi ake farawa ba, da arɗo ake farawa.

To batun zaɓi. Kada ka zaɓi aiki don sunansa, je ka ga yininsa. Kana da wata huɗu. Nemi wanda ke aikin ɗakin gwaje-gwaje ka roƙi ka zauna kusa da shi kwana uku, ka ga jini da fitsari da majina, ka ga ko cikinka zai ɗauka. Kuma ka sani, digirin ilimin halittu shi kaɗai ba ya ba ka lasisin wannan aiki, akwai majalisar da ke yi wa masu shi rajista, sai ka bi karatunsu. In can ka nufa, je Gwadabawa, kwalejin fasahar kiwon lafiya, ka tambayi sharuɗɗan da bakinka, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Koyarwa kuwa, tunda ka ce aji aka ba ka a wurin hidima, ai ka riga ka ɗanɗana. In lokacin shiga aji ya yi kana jin nauyi a ƙirji, ka bar wa masu ita. In kuwa kana jin daɗin ranar da yaro ya gane, yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, wajen shekara guda ce, ka yi rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Sai dai in faɗa maka gaskiya: alawus ɗin dubu 77 da kuke karɓa yanzu ya fi albashin makarantun kuɗi da yawa, duk da an sa mafi ƙarancin albashi dubu 70 tun 2024. Fara tara wani abu tun yanzu, don watan farko bayan cire kaki yana da ɗaci.

Yanzu ni ma nakan zauna a teburin tantance masu neman aiki, kuma abin da ke kayar da yaranmu ƙanana ne. Suna ya sha bamban: a WAEC Abubakar, a NIN Bubakar, a banki an juya na uba ya zo gaba. Gyara wannan yana cin makonni, fara yau. Karɓo takardar shaidar ƙaramar hukumarku ka ajiye. CV kuma, don Allah ka rubuta da kanka. Na taɓa samun guda bakwai a rana ɗaya daga shagon kwamfuta ɗaya, duk sun ce suna son karatu da tafiye-tafiye, ɗaya ma ba a cire lambar wayar mai shi na farko ba. Shafi ɗaya ya ishe ka. Faɗi abin da ka yi: aji nawa ka koyar, ɗalibai nawa, wane aiki ka jagoranta. Buɗe imel da sunanka na yanka, ba laƙabin majalisa ba. Wanda za ka sa a matsayin mai tsaya maka, sanar da shi tukuna.

Sai kunya. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban manya da rage murya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin intabiyu, musamman in masu tambayar baƙi ne, sai su ɗauka ba ka sani ba ne. Gaida su da ladabi, sannan ka ɗaga kai ka buɗe baki. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba.

Baba kuma kada ka yi jayayya da shi. Zamaninsu takarda na kai mutum ofis, kuma fansho yake hango maka. Ce masa za ka cike kowane fom na gwamnati, amma kafin Allah ya kawo za ka riƙa fita da safe. In da hali, bari wani kawu ko amininsa ya kai maganar, ta fi shiga.

Gaya min ƙaramar hukumar da kake hidima, in duba ko na san wani a asibitin wurin da zai bar ka ka leƙa ɗakin gwajin.