Me ya sa 'yan wasan da ke tsoffin zane-zanen Turawa duk jikinsu iri ɗaya ne?

Tambaya: Malam, ina karatun zane. Na lura a tsoffin zanen fensir na Turawa, 'yan kokawa da 'yan tsere duk maza ne, kusan tsirara, jiki a murɗe kamar uwa ɗaya ta haife su. Haka 'yan wasan zamanin suke, ko ƙarin gishiri ne?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Malama, gishiri kam akwai, amma makaranta ce ta zuba shi. A makarantar zane ta sarki da aka kafa a Faris a 1648, da waɗanda suka bi sahunta, ɗalibi ba ya farawa da mutum mai rai. Sai ya daɗe yana kwafar zanen magabata, sannan a ajiye masa kwafin gumakan Girka da Rum na filasta, ya yi ta zana su. Kafin a tsayar masa da mutum a gabansa, idonsa ya riga ya saba da jikin gunki. In mutumin na da tumbi ko gwame, hannun ɗalibin ne zai gyara masa.

Su kuwa gumakan, da ra'ayin masu su suka zo. A wasannin Olimfiya na tsohuwar Girka tsirara ake fafatawa, kuma maza 'ya'yan Girka kaɗai ke shiga, ban da bawa. A wurinsu kyan jiki shaida ce ta tarbiyya da asali. Turawan ƙarni na 18 da na 19 suka gaji wannan ra'ayi ba tare da sun tuhume shi sosai ba.

Wanda na fi so ki duba shi ne Thomas Eakins na Filadelfiya a Amurka. Ya je Faris a 1866 ya yi karatu wurin malamin zane Gérôme, ya kuma halarci darussan fiɗa a kwalejin likitanci ta Jefferson don ya san yadda tsoka ke kwance. A farkon shekarun 1870 ya zana masu tseren kwalekwale a kogin Schuylkill, wasan da garin ke ji da shi a lokacin, shi kansa ma yana tuƙi. Takardun da ya yi share fage a kansu cike suke da layuka da lissafi, har inuwar kwalekwale a ruwa sai da ya auna. Mutanensa na gaske ne, da fuskokinsu da gajiyarsu. A ganina ya fi da yawa daga malamansa gaskiya.

Rashin mata a fagen zanen kuma ba daga rashin gwaninta ba ne, makarantun ne suka takura musu. A 1886 aka tilasta wa Eakins ajiye aikinsa a makarantar zane ta Fensilbeniya bayan ya cire wa namijin da ake zanawa bante a ajin da akwai ɗalibai mata. Babbar makarantar zane ta Faris ma sai a 1897 ta fara karɓar mata.