Tambaya da Amsa: Kasuwar gwamnati za ta sauko da farashin tumatir?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shinkafa da wake a Aboabo, nan Kumasi, kuma tumatir da albasa da attaruhu ne ke cinye mini riba. Na ji gwamnati ta taɓa buɗe kasuwa a Accra inda ake sayen kayan gona ba tare da 'yan tsakiya ba. Me ya hana a yi mana irinta, mu huta da magajiyoyin kasuwa, wato shugabannin mata 'yan sari? Daga wata Hajiya mai abinci.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Gaskiya kika ji. A watan Nuwamba na 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 50 cikin ɗari, Ma'aikatar Abinci da Noma ta buɗe kasuwa a harabarta a Accra, zamanin ministan noma Dokta Owusu Afriyie Akoto, aka fara da agade. An yi layi, an samu sauƙi. Amma a ganina harabar ofis ba wurin kasuwa ba ce. Mai abinci daga unguwar Nima ko Madina a Accra, kafin ta biya kuɗin trotro zuwa da dawowa, arahar ta tafi.

Waɗanda suka daɗe a harkar su ne mutanen Indiya. Jihar Tamil Nadu ta fara tata a 1999 a birnin Madurai. Ana ba manomi kati mai hotonsa, rumfa kyauta, sikeli kyauta, motar bas ta gwamnati ta ɗauko kayansa ba ya biya, kowace safiya kuma a rubuta farashi a allo, sama da na sari, ƙasa da na kiri. Duk da haka 'yan kasuwa kan kutsa su zauna da sunan manoma. Ke nan ko can sai da sa ido.

To, batun magajiya. Na san kuna jin haushinta, kuma da dalili, don takan iyakance motocin da za su sauke kaya kada farashi ya faɗi. Sai dai ki tambayi manomin tumatir na Akomadan ko Tuobodom wa ya ba shi bashin taki da iri. Sau da yawa ita ce. Ita ke biyan mota, kuma akwatin da ya ruɓe a hanya asararta ce. Duk kasuwar da za ta ture ta ba tare da ɗaukar waɗannan nauye-nauye ba, ba za ta ga damina biyu ba. Shi kuma manomi ba zai bar gona ya wuni yana ciniki a kan tumatir ɗin sidi biyar ba.

Da a ce majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo ke ƙarƙashinta, za ta saurare ni, da na ce a fara da na kusa: masu lambun latas da kabeji da ganyen albasa na Gyinyase, waɗanda aboboyaa ɗaya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta isa ta kawo kayansu. Fili a cikin unguwa, Aboabo ko Asawase, sau biyu a mako, daga asuba zuwa hantsi. A yi inuwa, a ja ruwa, a kwashe shara. A bar ƙungiyar manoma ta turo mutum ɗaya ya sayar wa kowa. Kuma a auna da sikeli, a daina bokitin da aka lotsa wa gindi.

Albasa kuwa, Hajiya, kada ki sa rai. Yawancinta daga Nijar take zuwa, kamar yadda tumatirin rani ke zuwa daga Burkina Faso, ba manomin da zai biyo su har Kumasi. A nan abin da zai fisshe ki shi ne ku haɗu ku biyar ko shida masu abinci, ku sari buhu guda a Kwadaso ku raba, tumatir ma ku ɗauki akwati. Idan ya yi araha, ki niƙa ki tafasa ya ƙafe sosai, ki sa a firiza.